Idan allurar kansar mafitsara ta taɓa zuciya: abin da magidanci zai yi

Goro nake sayarwa a Agege tun ina saurayi, yanzu na haura sittin. Ina cikin mazan da ake yi wa allura a fatar ciki duk bayan wata uku saboda kansar mafitsara, wato ta ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji wanda likitoci ke ce wa furostet. Ita ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya. Allurar ta yi mini rana: fitsari ya saki, ciwon ƙugu ya lafa, lambar PSA, gwajin jinin da ake bin kansar da shi, ta sauko. Sai dai ta zo da wani abu da ba a cika zancensa ba, ko a layin asibiti ko a majalisa.

Ciwon damuwa nake nufi. Kowa ransa yana ɓaci in ciniki ya ƙi, kuma washegari ya ware. Wannan kuwa nauyi ne da ke sauka a ƙirji ya yi makonni bai ɗaga ba, ya ɗauke wa mutum ɗanɗanon komai. Ya same ni, an yi mini magani, na samu sauƙi, kuma har yau ina kan allurata. Ƙanena ma'aikacin jinya ne, shi ya zauna da ni ina faɗa yana bugawa a waya, yana daidaita mini sunayen magunguna, domin 'yan'uwana maza da ke cikin wannan hali da kuma masu kula da su.

Fara da sanin abin da maganin ke yi

Wannan kansa da sinadarin maza take rayuwa, wanda ake kira testosteron, kuma mafi yawansa daga 'ya'yan maraina yake fitowa. Tun 1941 wani likita a Amurka, Charles Huggins, ya nuna cewa in aka yanke wa kansar wannan sinadari sai ta ja da baya, kuma a kan haka aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Har yau a kan wannan hanya ake. Wasu ana yi musu allurar goserelin, wadda muka fi sani da Zoladex, ta wata ɗaya ko ta wata uku. Wasu leuprolide. Wasu ana haɗa musu da ƙwayar bicalutamide. Wasu kuma, musamman in kuɗin allura ya gagara, aiki ake yi musu sau ɗaya a cire 'ya'yan marainan. Hanyoyin sun bambanta, manufar ɗaya ce: a hana kansar abincinta.

Amma aikin sinadarin nan bai tsaya a shimfiɗar aure ba. Shi ke riƙe tsoka da ƙashi, yana taimaka wa jini, yana ba da kuzari, kuma yana da hannu a yanayin zuciya. Da ya sauka, sai ka ji zafi ya taso maka daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa riga ko da fanka na juyawa. Sha'awa ta tafi. Tumbi ya fito, damtse ya saki, wani ma nono ya kumbura masa yana ciwo. Ga gajiya marar dalili.

A 2016 an fitar da wani bincike a Amurka da ya bi bayanan maza sama da 78,000 masu wannan kansa, dukansu sun haura shekara 65. Waɗanda aka yi wa maganin rage sinadarin sun fi sauran kamuwa da ciwon damuwa da kashi 23 cikin 100, kuma gwargwadon daɗewa a kan maganin gwargwadon ƙaruwar haɗarin. Waɗanda suka kai shekara ɗaya ko fiye, ƙarin ya kai kashi 37. Wannan ba ya nufin kowa zai kamu, da yawa suna gamawa lafiya. Abin da ya nuna shi ne in ya same ka, akwai dalili a jikinka, ba raunin hali ba ne.

Mu kuma na Legas muna da namu ƙarin kayan. Nawa ne cikinmu iyalinsu na Kano ko Katsina ko Sakkwato, su suna kwana a rumfa a Mile 12, ko a ɗaki ɗaya da samari a Alaba Rago, ko a gefen kwata a Oko-Oba? Ranar da ba ka fita kasuwa ba babu abin aikawa gida, ga kuɗin allura na jiranka. Wanda yake shi kaɗai, da wanda ciwon ƙashi ke hana shi barci, da wanda ya taɓa yin ciwon damuwa a baya, su ya kamata a fi sa wa ido.

Yadda za ka gane shi

Ka yi wa kanka tambaya biyu, ka amsa tsakaninka da Allah. A mako biyun da suka wuce, kusan kullum zuciyarka a ƙuntace take, ba ka hango wani alheri a gaba? Abubuwan da ka saba jin daɗinsu sun daina yi maka daɗi? In ɗaya daga ciki ta zama e, maganar ta isa a kai wa likita.

Wurin da ake rikicewa shi ne gajiyar allura da ciwon damuwa suna kama da juna. Ga yadda na bambanta su a jikina. Mai gajiyar allura yana son zuwa ɗaurin aure, ƙafa ce ta ƙi. Mai ciwon damuwa ko an kawo mota ƙofar gida ba ya son zuwa, in ma an matsa ya je, zai dawo bai ji komai ba. Ni rediyo na fara kashewa, alhali tun ina yaro ba na karin kumallo ba tare da labarai ba. Daga nan na daina tsayawa hira bayan Magariba. Mai saye zai zo yana taya goro, in ji ko ya saya ko ya bari duk ɗaya. Nakan farka tun kafin assalatu, ido biyu, lissafin bashi da mutuwa na yawo a kaina har a kira salla. Abinci ya zama kamar dole.

Mu maza ba kasafai muke cewa "ina baƙin ciki" ba. Faɗa muke yi. Mutumin da aka sani da haƙuri sai ya riƙa yi wa jikoki tsawa a kan ƙaramin abu, ko ya yi gum ya juya wa kowa baya. Abin da za ka ji a bakinsa shi ne "jikin ne ba daɗi", "tunani ya yi mini yawa", "kaina ya yi nauyi". In abin ya yi nisa sai ka ji "na zame muku kaya" ko "ni da babu duk ɗaya". Ga mantuwa da kasa tattara hankali, har mai lissafin kai ya riƙa kuskuren canji. Masu jinya, ku sani huhun goro daga waje ba ya nuna komai, sai an kwance ganye an duba. In kun tambayi Baba "ya jiki?" zai ce "da sauƙi". Ku zauna kusa da shi, ba a gaban mutane ba, ku ce: "Baba, mun ga ka daina fita, ba ka cin abinci, me kake ji a ranka?" Sannan ku yi shiru ku jira. Amsar takan ɗauki lokaci kafin ta fito.

Ka samu ƙaramin littafi ka ajiye tare da katin asibiti. Kowace rana layi ɗaya ya isa: yadda ka yi barci, ko ka ci abinci, ko ka fita, yadda zuciya take. In ba ka boko, rubuta da ajami. Ranar ganin likita za ka ga amfaninsa, domin a gaban likita mutum kan manta rabin abin da ya zo da shi.

A gaban likita

Ranar asibiti layi dogo ne, lokacin da za ka samu kaɗan ne. Likita zai duba PSA, ya tambayi fitsari da ciwon ƙashi, ya rubuta allura ta gaba. In ka ce "alhamdulillahi, lafiya lau" kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, to an wuce wurin. Saboda haka da maganar zuciyar za ka fara, tun kafin ya buɗe fayil. Ka ce: "Likita, tun da na fara allurar nan ba na barci, ba na jin daɗin komai, raina a ɓace yake kullum, ya fi mako biyu." In Turanci ko Yarbanci bai zauna maka ba, a rubuta maka wannan a takarda ka miƙa masa. In kuma da tafinta za ka shiga, ka zaɓi sa'anka ko ƙanenka. Akwai maganar da uba ba zai iya yi ta bakin ɗansa ba, kuma galibi ita ce maganar da ta fi muhimmanci.

Ka tafi da dukan magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya. Ƙwayar prednisolone, wadda ake haɗawa da wani maganin kansar mai suna abiraterone, tana iya taɓa barci da yanayin zuciya. Ka nemi a duba yawan jininka da sukari, da ƙullutun wuya da ake kira tayirod, saboda ƙarancin jini da matsalar waɗannan suna kawo kasala mai kama da damuwa. In akwai ciwo a jiki ka faɗi ƙarfinsa yadda yake, kada ka rage. Akwai kuma wata takarda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ake auna zurfin damuwa da ita, cika ta ba ya cin lokaci.

Wataƙila a tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na san abin da wannan ke tayarwa a ran mutum, domin a Legas da an ce Yaba kowa hauka yake ji. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana ganin mutane masu yawa da ke zuwa da ƙafarsu da safe, su karɓi magani su koma wurin sana'arsu. In kuma can ɗin ya yi maka nauyi, asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da na LASUTH da ke Ikeja duk suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a cikinsu. Wanda ya gan ka a harabar bai san ƙofar da ka shiga ba.

Maganin iri biyu ne, kuma sau da yawa ana haɗa su. Akwai zama da ƙwararre a yi magana, ya koya maka yadda za ka kama mugun tunani tun yana tasowa, ya kuma mayar da kai kan harkokinka kaɗan-kaɗan. Akwai kuma ƙwayoyi irin su sertraline da venlafaxine. Ita venlafaxine tana rage zafin nan da gumi ma, don haka ka ambata wa likita in suna damunka. Abin da nake so ka riƙe: waɗannan ƙwayoyi ba sa aiki nan take. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ji canji, kuma a kwanakin farko suna iya kawo tashin zuciya ko jiri. A nan mutane da yawa ke yar da su. In sauƙi ya samu, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma ranar bari likita ne zai riƙa ragewa a hankali.

Ka tabbata wanda zai rubuta maka maganin damuwa ya san kana da ciwon furostet. Akwai wata tsohuwar ƙwaya mai araha, amitriptyline, da ke iya riƙe fitsari, kuma mu ba mu da bukatar ƙarin wannan. Kada ka je kemis ka sayi diazepam don barci ko tramadol don kuzari. Suna kama jiki, suna sa jiri, ga ƙashinmu ya riga ya yi rauni, faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugu.

Babban abin da nake roƙonka shi ne kada ka tsallake allura da kanka don ka ga ita ta jawo. Sinadarin ba ya dawowa washegari, yakan ɗauki watanni, don haka damuwar ba za ta tafi da wuri ba, ita kuwa kansar ka buɗe mata ƙofa. Akwai marasa lafiyar da likita ke iya ba su hutu daga allurar yana bin PSA, in ta fara hawa a koma. Akwai kuma waɗanda tun farko allurarsu mai wa'adi ce, daga wata shida zuwa shekara biyu ko uku, tare da gasa kansar da na'ura a asibiti. Ka tambayi likitanka a wane rukuni kake. Sanin cewa abu yana da iyaka shi kansa yana rage nauyi. In kuɗi ne matsalar, ka faɗa ƙarara, ka kuma nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin.

Maganar imani da maganar gida

Za a samu mai ce maka ƙarancin tawakkali ne. Kada ka ɗauka. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya ce imaninsa ya yi rauni. Ka riƙe addu'a da karatu, ka riƙe jam'i ko da ba ka jin ɗanɗanonsa a yanzu, ka kuma sha maganinka. Wanda ya ce maka sammu ne, ka bar asibiti ka zo ya karya, kuɗin allurarka yake hari.

Sai maganar da ta fi kowace wuya. In sha'awa ta tafi kuma miji ya yi shiru, matar za ta cike gurbin da nata zato: ko ya daina sonta, ko akwai wata a waje, ko abokiyar zama ta yi wani abu. A gidan mata biyu wannan yana iya tayar da wutar da ba a san ranar mutuwarta ba. Ni da bakina na faɗa wa uwargidana cewa allurar ce ke kashe wannan ɓangare, ba wani abu ne tsakaninmu ba. Ta ce, "Alhaji, ni tsorona kada a ce wani laifi na yi maka." Ashe ita ma da nata nauyin take kwana. In bakinka ba zai iya ba, ka tafi da ita asibiti likita ko nas ta yi mata bayani. Kada ka ƙaurace wa ɗakinta, kada ka fasa rabon kwana. Hira da cin abinci tare da kwanciya kusa da juna duk aure ne, kuma mai ciwon damuwa ba abin da ya fi cutar da shi kamar kaɗaici.

Masu tallar maganin ƙarfin maza a tasha da bakin masallaci, ka bar musu kayansu. Ba ka san abin da aka zuba a ciki ba. Allurar testosteron kuwa, wadda wasu ke yi don ƙarin kuzari, a wurinmu ciyar da kansar ce kai tsaye. In kana son taimako ta wannan fanni, likitan mafitsara ne wurin tambaya, musamman in kana shan maganin ciwon zuciya.

Jiki

Motsa jiki yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna rage gajiyar wannan magani, kuma yana taimaka wa zuciya. Ni bayan Asuba nake takawa, kafin rana ta yi zafi kuma kafin 'yan acaba da danfo su cika titi, tare da wani maƙwabcina da ke ƙwanƙwasa mini ƙofa. Samun abokin tafiya shi ne sirrin, domin ranar da zuciya ta ce kwanta, kunyarsa za ta tashe ka. Fara da minti goma, ka riƙa ƙarawa har ka kai rabin awa a mafi yawan ranakun mako. Ka haɗa da abin da zai riƙe tsoka: tashi da zama daga kujera ba tare da dafawa ba, ɗaga gorar ruwa a kowane hannu. In kansar ta taɓa ƙashi, ka tambayi likita tukuna. In kuma ka ji sabon ciwon baya mai tsanani tare da sanyin ƙafa ko mutuwarta, ko fitsari ya tsaya, wannan na asibiti ne a ranar.

Barci kuma, zafin Legas da gumin allura in suka haɗu da ɗaukewar wuta sai dare ya yi tsawo. Fanka mai caji, riga ta auduga marar nauyi, ruwan sanyi da tawul a gefen gado. Daga La'asar ka ajiye goro da kofi da shayi mai kauri. Sana'ata ce, na san abin da ke cikin goro, yana hana barci. Ka kuma ci gaba da zuwa rumfa ko da na awa biyu ne, ko da yaro ne ke ciniki kai kana zaune.

In tunanin mutuwa ya shigo

Wani lokaci ciwon kan kai mutum ga cewa "gara in mutu in huta", ko ya fara tunanin kashe kansa. In kai ne, ka faɗa wa mutum ɗaya yau, kada ka jira ranar asibiti. Ciwon ne ke magana, kuma yana jin magani. In kai mai jinya ne, ka tambaye shi kai tsaye ko yana irin wannan tunani. Tambayar ba ta sa wa mutum abin da babu a ransa, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, ko ka ga ya fara rabon kayansa da sallamar mutane ba dalili, kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe fiya-fiya da sauran maganin ƙwari daga ɗakin, magungunansa su koma hannun wani yana ba shi na kowace rana, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767. A LUTH kuma akwai shirin SURPIN da aka kafa a 2017 musamman domin masu irin wannan tunani.

Da yawa daga cikinmu in jiki ya yi nauyi gida muke komawa, kuma ga wanda yake zaune shi kaɗai a nan, komawa cikin iyali yana iya zama alheri. Amma kada ka hau mota sai da takardar likita mai ɗauke da sunan allurarka, ranar da aka yi ta ƙarshe, sakamakon PSA da sunan ƙwayar damuwar da kake sha. Asibitin koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna ganin masu wannan kansa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Ka tafi da ƙwayoyin da za su kai ka har ranar da za ka ga sabon likita, kuma ka sa a karɓo maka ranar ganinsa tun kafin lokacin allura ta gaba ya yi.